Motar da Ke Cin Kuɗi Ko Tana Ajiye

Ferrari F355, wadda aka ƙera tsakanin 1994 da 1999, tana da bel biyu na roba da ke daidaita motsin bawul da na fistin. Bel ɗin kansu ba su da wata tsada ta a zo a gani. Inda aka cusa su ne matsalar: a gaban inji, dab da bangon da ke bayan kujeru, inda hannu ba ya kai wa. Hanyar da kamfanin ya tsara ita ce a sauke injin gaba ɗaya tare da giyarsa da ƙarfen da ke ɗauke da su, a yi aikin a ƙasa, a mayar. Kuma ba sai motar ta ci hanya ba. Roba tana tsufa ko da motar na lulluɓe a gareji, saboda haka bayan 'yan shekaru dole a maimaita. Wanda ya ji ƙyashin kuɗin ya bari bel ya tsinke inji na gudu, fistin zai yi karo da bawul, waɗanda su 40 ne cif a wannan inji, daga nan kuwa maganar gyara ta ƙare, sai ta sake gina inji.

Duk mai sayen F355 ya san da wannan kafin ya miƙa kuɗinsa, don tambayar farko da ake yi wa mai sayarwa ke nan: yaushe aka sauke inji? Amma farashinta hawa ya yi a shekarun nan, musamman mai giyar hannu. Ga sababbin motoci fil a leda, da garanti, sun fi ta gudu, sun fi ta sanyi a ciki, ba sa ɗigar da baƙin mai a ƙasa. To me mutum yake saya da zai zaɓi wahala da kuɗinsa?

Sai an fara raba kasuwar tsofaffin motoci gida biyu, domin labaran da ke yawo suna ruɗar mutane. Can sama akwai motocin da jaridu ke so. Mercedes-Benz 300 SLR Uhlenhaut ta 1955, wadda biyu kacal aka ƙera, an sayar da ɗaya a watan Mayun 2022 a kan Yuro miliyan 135. Ferrari 250 GTO, guda 36 a duniya, ta kai dala miliyan 48.4 a gwanjo a 2018. Waɗannan sun bar sahun abin hawa sun shiga sahun kayan tarihi, kuma masu su ba sa tambayar kuɗin fulogi. A ƙasa kuwa ga talakawan harkar: MGB da aka ƙera fiye da rabin miliyan daga 1962 zuwa 1980, Triumph Spitfire, Alfa Romeo Spider, Datsun 240Z, Porsche 944, Corvette ta shekarun 1970, Mazda MX-5 ta farko. Masu waɗannan ma'aikata ne, malamai, injiniyoyi, 'yan fansho. Su ne ke jin tsadar a jikinsu, kuma a kansu ne tambayar take da daɗin yi.

Kuɗin saye shi ya fara tashi. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 kuɗin ruwa ya faɗi warwas a Amurka da Turai, masu hali suka shiga neman inda za su adana dukiya, wani kaso ya malalo cikin tsofaffin motoci. Tsakanin 2012 da 2015 Porsche 911 mai injin da iska ke sanyayawa, irin da aka daina yi a 1998, ta ninka kuɗinta. Kasuwar ta ɗan lafa, sai annobar korona ta zaunar da mutane a gida da waya a hannu, gwanjon intanet ya buɗe. Datsun 240Z, wadda sabuwarta ba ta wuce dala 3,500 da 'yan kai ba a Amurka a farkon shekarun 1970, an sayar da wata da ba ta sha hanya ba a kan dala 310,000 a shafin Bring a Trailer a 2020. Ba kowace 240Z ce ta kai haka ba, ko kusa. Amma duk mai ruɓaɓɓiya a bayan gida ya ga wannan adadi, kuma tun daga ranar ya daina sayarwa da araha. Zamanin tsintar mota a hannun wanda bai san darajarta ba ya wuce.

Sai dai kuɗin saye sau ɗaya ake biyansa. Wanda ba ya ƙarewa shi ne kuɗin hannu, kuma nan ne tsadar ta fi yin tsanani. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka kafar da ake jona na'urar gano matsala, Turai ta biyo baya. Makanikin da ya koyi sana'a bayan wannan lokaci ya saba ya jona kwamfuta, ta faɗa masa abin da ya lalace, ya cire ya sa sabo. Tsohuwar mota ba ta da bakin da za ta yi magana da kwamfuta. Jaguar E-Type ta farko kafireto uku gare ta a jere, kuma sai ukun sun ja iska daidai wa daida injin zai zauna lafiya. Tsofaffin masu sana'ar sukan ɗauki guntun tiyo, su sa baki ɗaya a kunne, ɗayan a bakin kafireto, su saurari hucin iskar, su matsa kan na biyu, su murɗa sukuru kaɗan, su sake saurare, har ukun su yi murya ɗaya. Akwai na'urar auna wannan, amma ko da ita sai wanda ya san yadda lafiyayyen inji yake kuka. Masu wannan kunne suna ritaya, wasu suna rasuwa, kuma waɗanda suka rage sun san babu su da yawa. A garejin da ya yi suna, mutum kan jira watanni kafin a karɓi motarsa.

Aikin bodi ya fi wannan ciwo. Tsatsa ita ce babbar abokiyar gabar tsohuwar mota, domin kafin tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Porsche ta fara lulluɓe ƙarfen bodinta da sinadarin hana tsatsa, kusan kowa ƙarfe tsirara yake fesa wa fenti. Tsatsa kuwa daga ciki take ci. 'Yar kumburar da aka gani a ƙarƙashin ƙofa, idan aka kankare, sai a tarar da ramin da hannu zai shige. A nan ne wani lissafi mara tausayi yake fitowa: awa ɗaya ta mai walda kuɗinta ɗaya ne, a kan MG yake aiki ko a kan Ferrari. Awoyin da za a kashe a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, a ƙera sabo, a goge, a fesa fenti, ba su san sunan da ke manne a gaban mota ba. Mai Ferrari zai iya mayar da kuɗinsa ranar da ya sayar. Mai MGB yakan kashe ninki biyu na abin da motar za ta taɓa yi a kasuwa. Shi ya sa 'yan harkar ke gaya wa sabon shiga ya sayi mafi kyan da aljihunsa zai iya, ya bar wani ya riga ya yi asarar. Araha ba ta ado, a nan kuma mafi araha ita ce mafi tsada.

Sauran ƙananan cizo suna nan birjik. Tun 2017 Tarayyar Turai ta tsaurara dokar amfani da sinadarin da ake yi wa bamba da fitilu ƙyalƙyalin kurom da shi, saboda yana jawo cutar daji, wuraren da ke wannan aiki suka ragu, kuɗinsa ya hau. Fetur ma ya canza. An tsara tsofaffin injuna ne don mai ɗauke da dalma, wadda ke kare mazaunin bawul. Amurka ta hana shi a 1996, Birtaniya a 2000, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Man yanzu kuma ana gauraya shi da etanol, kashi 10 cikin 100 a Birtaniya tun Satumban 2021, wanda ke cinye tsofaffin tiyon roba, ya kuma jawo danshi cikin tankin motar da ta daɗe a tsaye. Wani abin mamaki shi ne motocin shekarun 1990 sun fi na 1960 wuyar riƙo ta wani fannin. Ƙarfe ana iya sassaƙa shi, amma ƙwaƙwalwar inji da aka daina ƙerawa shekara talatin da suka wuce fa? A 2016 aka ba da labarin cewa kamfanin McLaren yana farautar wata tsohuwar kwamfutar cinya ta Compaq ta shekarun 1990, don ita ce ke iya magana da motarsa F1. Ga inshora, ga kuɗin hayar wurin ajiya ga wanda ba shi da gareji, ga kayan gyara na kwaikwayo da sukan zo ba su zauna daidai ba.

Amsar da masu motocin suka fi saurin bayarwa ita ce wai jari ne. Ni dai ban yarda da ita ba, kuma ina zargin yawancinsu ma ba su yarda ba. Magana ce da ake faɗa don a kwantar da hankalin iyali. An taɓa gwada wannan jarin. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a watan Agustan 1988, farashin motocinsa ya haukace, mutane suna cin bashin banki suna saye, ana sayar da F40 ninki-ba-ninki na kuɗin da kamfani ya sa mata. Da 1990 ta kama, kuɗin ruwa ya hau, tattalin arzikin Japan ya fara tangal-tangal, kasuwar ta rufta. Motoci da yawa sun rasa fiye da rabin darajarsu, wasu sun yi shekara goma ko fiye ba su farfaɗo ba. Hawan lokacin korona ma ya sassauta tun da bankuna suka ƙara kuɗin ruwa daga 2022. Kuma mota ba ta haifar da komai. Gida yana kawo haya, hannun jari yana kawo rabon riba, ita kuwa kullum buɗe baki take a zuba mata. Idan mutum ya tara rasiɗan shekara goma ya cire daga ribar da yake taƙama da ita, sau da yawa abin da zai rage bai taka kara ya karya ba.

Akan kawo misalin Rowan Atkinson, ɗan wasan barkwancin nan na Ingila, wanda ya sayi McLaren F1 a 1997, ya yi haɗari da ita sau biyu, gyaran na biyu ya ci wa kamfanin inshora fam 910,000, kuma duk da haka ya sayar da ita a 2015 a kan kimanin fam miliyan 8. Gaskiya ne, amma F1 guda 106 aka yi. Ba a gina lissafin mai Spitfire a kan wannan. Abin da ke da ƙamshin gaskiya a hujjar jarin ɗan kaɗan ne: sabuwar mota tana zubar da daraja tun ranar da ta bar shago, tsohuwa kuwa ta riga ta gama faɗuwarta. Mai sabuwa yana asara a ɓoye, mai tsohuwa yana biya a fili, rasiɗi bayan rasiɗi. Wani lokacin jimillar ba ta da nisa da juna. Wannan zai iya sa abin ya zama mai yiwuwa, amma bai bayyana son ba.

A tsaya a kalli yadda ake tayar da irin wannan mota da safe. Mutum zai ja cok, wato abin da ke rage wa inji iska don ya tashi cikin sanyi, ya kunna makulli rabi, ya saurari famfon mai yana ƙas-ƙas-ƙas har ya cika kafireto ya yi shiru. Sai ya murɗa. Injin ya yi tari, ya kama, duk motar ta ɗauki rawa, warin fetur da tsohuwar fatar kujera ya cika ciki. Ba a tafiya nan take. Ido na kan allurar baƙin mai, ana jira ta tashi. Ana mayar da cok a hankali yayin da inji ke ɗumi. Giya ta biyu ba za ta shiga da daɗi ba sai man cikinta ya yi zafi, saboda haka a kilomitocin farko lallaɓa ta ake yi. Ga wanda mota ta zama masa abin kai shi ofis kawai, duk wannan ɓata lokaci ne. Ga mai ita kuwa, abin da ya biya kuɗi don ya samu ke nan: na'urar da ba za ta yi aiki yadda ya kamata ba sai da hannunsa da kunnensa da haƙurinsa.

A kan hanya abin ya fi bayyana. Porsche 911 ta farko, wadda aka nuna a Frankfurt a 1963, ƙarfin doki 130 gare ta, nauyinta kilo 1,080, tana ɗaukar kusan daƙiƙa 9 kafin ta kai gudun kilomita 100 a awa. Motar iyali ta yau za ta bar ta a baya ba tare da direba ya ma lura ba. Jikanyarta ta yanzu ta haura kilo 1,500, ƙarfinta ya doshi doki 400. Ta fi kakarta ta kowace fuska da ake iya aunawa, amma kafin ka ji ta fara aiki da gaske ka riga ka wuce gudun da doka ta yarda da shi nesa ba kusa ba. Tsohuwar kuwa a gudun da kowa ke yi take raye. Sitiyarinta ba shi da mataimaki, saboda haka duk abin da tayoyin gaba suka taka sai ya iso tafin hannu: tsakuwa, santsi, lokacin da taya ta fara sakin ƙasa. Birki ba shi da kwamfutar da za ta gyara kuskuren ƙafa. Idan kwana ta fita da kyau, direba ya san shi ya yi, ba wata na'ura ba. Lotus Elan ta 1962 ba ta kai kilo 700 ba, kuma har yau ana auna daɗin tuƙin wasu motoci da ita. Injiniyoyin Mazda sun nazarce ta kafin su fito da MX-5 a 1989.

Kasuwa ma ta ba da shaida a kan haka. Ferrari ta daina sa giyar hannu a farkon shekarun 2010, don giyar da kwamfuta ke canzawa ta fi sauri, masu saye kuma ita suke zaɓa. Yau idan aka jera F430 biyu, ɗaya mai giyar hannu ɗaya mai giyar kwamfuta, mai giyar hannun ce ke tafiya da kuɗi mai tsoka sama da 'yar'uwarta. Wato mutane suna ƙara kuɗi don su sami wadda ta fi jinkiri, ta kuma fi ba da aiki. Mai neman gudu zalla ba zai yi wannan ciniki ba.

Sannan ba za a ƙara yin irinsu ba, ko da kamfani yana so. Siraran ginshiƙan gilashi da ke ba direba damar ganin ko'ina ba za su ci jarrabawar kifewar mota ta yau ba. Dogon hanci mai ƙasa-ƙasa da fitilu masu buɗe ido sun tafi saboda dokokin kare masu tafiya a ƙasa. A 2004 aka ga na ƙarshe a jikin Corvette da Lotus Esprit. Kafireto ba zai wuce gwajin hayaƙi ba, kukan salansa yana da iyaka a doka, kuma tun Yulin 2024 duk sabuwar motar da aka sayar a Tarayyar Turai sai tana da na'urar da ke gargaɗin direba idan ya wuce ƙa'idar gudu. Dokokin nan suna kan gaskiya, kada a ji kamar kuka nake da su. A 2009 wata cibiyar gwajin haɗari ta kamfanonin inshora a Amurka ta haɗa Chevrolet ta 1959 da ta 2009 gaba da gaba. Tsohuwar, duk da ƙaton jikinta, ta lotse har kan mazaunin direba, sabuwar kuwa ɗakinta ya tsaya. Mai tuƙa motar shekarun 1960 ya san ƙirjinsa na fuskantar sandar sitiyari, kuma so hana ganin laifi ne kawai zai sa ya musanta. Amma sakamakon ɗaya ne: adadin da ke duniya ba zai ƙaru ba, kullum raguwa yake, ta haɗari, ta tsatsa, ta gobara.

Akwai kuma wani daɗi da ba a cika faɗa ba, na mallakar abin da mutum ya gane. Buɗe bonet ɗin MGB, komai a fili yake: ga inda mai ke shiga, ga inda wuta ke fitowa, ga lagireto, ga wayoyi 'yan kaɗan da za a iya bi da yatsa. Da littafin gyara da akwatin sifana, mutumin da aikinsa na yau da kullum a gaban allon kwamfuta yake zai iya kwance famfon ruwa ranar hutu, ya ɗaura sabo, ya tayar, ya ga ɗigon ya tsaya. A zamanin da waya da firiji da sabuwar mota duk a rufe suke, ba a son ka taɓa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma wanda ya kwanta a ƙarƙashin mota ya fasa yatsa a jikinta ba ya kallonta kamar kayan da ya saya. Ina ganin dalilin da ya sa tsada ba ta korarsu ke nan. Kowane gyara yana ƙara ɗaure su ne. Tsohon doki sai mai shi. Har lalacewar kan zama abin hira: masu motocin Ingila sun shekara hamsin suna yi wa kayan wutar Lucas ba'a, suna kiran kamfanin sarkin duhu, kuma ba su fasa saye ba.

Wace mota mutum zai so kuwa, yawanci shekarun ƙuruciyarsa ne ke yanke hukunci. Abin da ya gani yana ɗan shekara goma sha biyar bai iya saye ba, shi zai nema idan ya kai hamsin yana da hali. Shi ya sa kasuwar ke tafiya kamar igiyar ruwa. Motocin kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ban da 'yan ƙalilan na sama, sun daɗe da yin sanyi, don waɗanda suka yi mafarkinsu sun kau. Yanzu na Japan na shekarun 1990 ne ke tashe: Toyota Supra, Honda NSX, Mazda RX-7, Nissan Skyline GT-R, a hannun waɗanda suka fara sanin su a wasannin kwamfuta. Dokar Amurka ma ta ƙara wa wutar mai. Motar da ba a ƙera don kasuwarsu ba, sai ta cika shekara 25 ake barin shigo da ita, saboda haka Skyline ta 1989 ta sami izini a 2014, ta 1999 kuma a 2024. Kowa ya san ranar, 'yan kasuwa suka riƙa saye a Japan tun da wuri suna ajiyewa, farashi ya tashi tun kafin jirgin farko ya taso.

Maganar jama'a ba ta buƙatar dogon bayani. Kusan kowace irin mota tana da ƙungiyarta, inda ake musayar kayan gyara da ilimin da babu shi a littafi, kuma akwai taruka irin su Goodwood Revival a Ingila tun 1998, inda ake tsere na gaske da motocin miliyoyin fam, kafaɗa da kafaɗa, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Gwamnatoci ma sun sassauta. A Birtaniya motar da ta haura shekara 40 ba ta biyan harajin hanya, ba dole ta je gwajin shekara-shekara ba, kuma kuɗin da ake karɓa a Landan daga motoci masu yawan hayaƙi bai hau kanta ba. A Jamus mai shekara 30 da ke cikin asalin kamanninta tana samun lamba ta musamman da haraji tsayayye na kimanin Yuro 192 a shekara. Hujjar ita ce ba sa yawo sosai: binciken ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Birtaniya na 2020 ya nuna matsakaiciyar tafiyarsu mil 1,200 ce a shekara, alhali harkar na juya fam biliyan 7.2. Dokar Turai ta 2035 kan motoci masu fetur da dizal, da ake ta ja-in-ja a kanta, ma sababbin motoci ta shafa.

Inda tsadar ta yi ɓarna ta gaske shi ne ta sa wasu sun ji tsoron abin da suka mallaka. Idan darajar mota ta rataya a kan ƙarancin tafiyar da ta yi, kowane kilomita ya zama asara. Sai a rufe ta a ɗaki mai na'urar daidaita danshi, a jona batir da caja, a riƙa leƙa ta. Mota kuwa zama ne ke kashe ta: robobin da ke tare mai su bushe, birki ya ƙage, taya ta yi kwanci, fetur ya lalace a tanki. Mai ita yana biyan duk kuɗin riƙo, bai sami ko ɗaya daga cikin abubuwan da suka sa ake son ta ba. A ɗaya gefen ga Irv Gordon, malamin makaranta a jihar New York, wanda ya sayi Volvo 1800S sabuwa a 1966 ya riƙa hawanta har ya rasu a 2018, bayan ta yi fiye da mil miliyan 3.2. Ba wanda zai kira wannan jari, amma da wuya a sami wanda ya ci moriyar kuɗinsa kamarsa.

Ra'ayi ma yana sauyawa a kan me ake nufi da gyara. Da, burin kowa a sabunta mota har ta fi ranar da ta fito kyau. Yanzu tsohon fenti da fatar kujera mai tsage-tsage suna da masu nema, don sau ɗaya mota take zama ta asali. A 2024, karon farko a tarihin gasar baje kolin motoci ta Pebble Beach da aka fara a 1950, motar da ba a sabunta ba ce ta lashe babbar kyauta: Bugatti Type 59 ta 1934. Wasu kuma sun bi ta wata hanyar, irin kamfanin Singer na Kalifoniya da ke kwance tsohuwar 911 ya sake gina ta da kayan zamani a kan kuɗin da ya ninka nata sau da yawa, ko masu cire inji su sa batir. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta ce a 2019 wadda aka mayar ta lantarki ta fita daga sahun na tarihi. Ina ganin tana da gaskiya, ko da yake motar mutum tasa ce. Idan aka cire kuka da wari da giya, sai siffa kawai ta rage.

Kamfanonin da ke raye sun gano akwai ciniki a nan. Porsche tana ƙera dubban kayan gyara na tsofaffin motocinta, Ferrari ta buɗe sashen tantance asali a 2006, Nissan da Mazda sun dawo da yin wasu kayan Skyline da MX-5 daga 2017, Toyota ta bi sahu da Supra. Ba sa sayarwa da araha, amma aƙalla akwai. Waɗanda ke cikin tsaka mai wuya su ne marayu, irin Triumph da Austin-Healey, da masana'antunsu suka rufe tuntuni. MGB ta yi sa'a, don tun 1988 ake buga mata sabon bodi da ainihin injunan da aka yi na farko da su. Saura sun dogara ne da ƙungiyoyi da ƙananan maƙera, waɗanda su ma furfura ta cim musu. Farashin irin waɗannan motocin na Ingila na shekarun 1950 da 1960 ya fara sauka, saboda masu su suna tsufa suna sayarwa, masu saye kuma ba su kai yawansu ba. Matashin da bai taɓa tsammani ba zai iya samun ɗaya a yanzu da kuɗin da bai kai na ƙaramar sabuwar mota ba. Sai dai kuɗin awar mai walda bai sauka tare da ita ba, kuma yawancin matasan birni ba su da garejin da za su koyi yin aikin da kansu.